Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga NIGELEC da ARSE: kafin injinan iskar Tarka su hau layinmu

Zuwa ga shugabannin kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, da na hukumar sa ido kan harkar makamashi, ARSE, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ranku ya daɗe, ni ma'aikacin lantarki ne a Maraɗi, kuma ina cikin masu ɗokin ganin an kafa tashar iska ta Tarka. Tun watan Maris na 2022, da gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan gina tashar da za ta kai megawat 250 a jihar Tawa, mai injina har 60, nake bibiyar maganar. Kamfanin ya ce in ta kammala za ta iya ba da wajen kashi ɗaya cikin biyar na wutar da ƙasar nan ke sha a shekara. Duk wanda ya ga halin da muka shiga daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, har zuwa Maris na 2024, ba sai an yi masa wa'azi kan amfanin wutar da ba a roƙon kowa ita ba. Ƙasar da kafin wannan yankewa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta ke zuwa daga maƙwabta ba ta da hujjar barin iskarta tana wucewa a banza. Ko wannan kamfani ne ya gina ko wani, ko baɗi ko bayan shekara biyar, injinan iska suna nan tafe.

Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. A daƙiƙar da layi ya girgiza, me waɗannan injina za su yi? Kuma mutumin da ke zaune a ɗakin sarrafa wuta a wannan daren, ya san amsar tun kafin abin ya faru?

Mu fara da layin da za a ɗora su a kai, ko da yake kun fi kowa saninsa. Ƙasarmu ba layi ɗaya gare ta ba. Yankin kogi, wato Yamai da Dosso da Tillaberi, yana shan wuta ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi tun 1976. Mu na tsakiya, Maraɗi da Tawa da Damagaram, namu ya shigo daga Katsina ta Gazawa, shi ma kilobolt 132. Agadas da Arlit suna kan wutar kwal ta kamfanin SONICHAR, Diffa kuma tana can gefe. Ita Katsina daga Kano take samu, Kano daga Kaduna, Kaduna daga Shiroro, ke nan mu ne a can ƙarshen waya. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewacin Najeriya ya yi fiye da mako guda ba wutar kirki. Wannan ne gatan da muke jingina da shi.

Megawat 250 kuwa ya fi abin da jihohin nan uku ke sha gaba ɗaya a daren hunturu nesa ba kusa ba, alhali da hunturu ne iskar arewa maso gabas ta fi kaɗawa. Dole wutar ta nemi hanya, ko yamma zuwa Yamai, ko kudu ta shiga Najeriya, kuma dole a gina mata layukan da za su ɗauke ta. A Jamus ko Sin, tashar megawat 250 ba wanda zai waiwaye ta. A nan kuwa, ranar da ta cika ba da wuta, ta fi tashar Gorou Banda ta Yamai, ta fi abin da ake sa ran samu daga madatsar Kandaji, duk lissafin tsaron layi kanta zai koma.

Wutar da ke cikin waya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, hez 50 a bakin ma'aikata. Muddin abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha, awo yana nan a 50. In wani inji ya faɗi, sai bugun ya fara sauka, kuma abin da ke hana shi rikitowa nan take shi ne nauyin ƙarfen da ke juyi a cikin manyan injinan ruwa da na gas da na dizal. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin niƙa ya ga irin wannan da idonsa. Mai inji ya antaya masara mai tauri lokaci guda, ka ji muryar injin ta yi ƙasa, bel ya yi kuka, kamar zai mutu, amma manyan wilin ƙarfen nan da ke gefensa su ɗauke shi na 'yan daƙiƙu har ya ƙara jan mai ya farfaɗo. Injin iska na zamani yana da fuka-fukai masu nauyin gaske, sai dai tsakaninsa da layi akwai inbata, na'urar da ke daidaita wutar kafin ta hau layi, kuma layi ba ya jin wannan nauyin sai in an tsara kwamfutar injin ta ba da shi da gangan. Duk daren da Tarka ta cika aka kashe injinan dizal don tsimin mai, wanda dama ita ce ribar da muke nema, layi ya rage nauyi ke nan. Muddin muna haɗe da Najeriya, injinan madatsun ruwa na Kainji da Shiroro suna ara mana nasu. Da zarar layin Gazawa ya fita, mu kaɗai muka rage, kuma bugun wuta zai sauka da saurin da ma'aikatanmu ba su saba gani ba.

Akwai waɗanda suka riga mu faɗawa wannan rami, kuma sun rubuta abin da ya same su dalla-dalla. Ranar 28 ga Satumba, 2016, da yamma, jihar Kudancin Ostireliya tana shan wajen megawat 1,826. Iska na ba da 883, injinan gas 330, sauran 613 suna shigowa daga jihar Biktoriya, akasarinsu ta layin Heywood. Ku dubi wannan tsari da kyau: iska mai yawa, injina masu juyi 'yan kaɗan, da dogon layi zuwa maƙwabta. Haka za mu kasance nan gaba. Guguwa mai juyi ta taso ta kayar da turaku sama da 20, ta lalata layuka uku na kilobolt 275. Duk lokacin da waya ta taɓa ƙasa, ƙarfin wuta sai ya nutse na ƙiftawar ido ya dawo. Sau shida haka ta faru cikin minti biyu.

An ƙera injinan iskar ne don su jure irin wannan nutsewa, kuma sun jure ta farko da ta biyu. Sai dai a cikin kwamfutar da yawa daga cikinsu akwai wani saitin kariya da ke ƙirga yawan nutsewar, in ta wuce adadin da masana'anta ta sa a cikin ɗan lokaci, injin ya janye don kare kansa. Tashoshi tara suka janye megawat 456 cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai. Nauyin ya koma kan layin Heywood, ya fi ƙarfinsa, na'urar kariya ta cire shi. Daga nan bugun wuta ya rikito da saurin da na'urorin da ke yanke wa wasu unguwanni wuta don rage wa layi nauyi ba su iya cim masa ba. Jiha guda sukutum, masu mita 850,000, ta shiga duhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a rahoton da hukumar sarrafa wutarsu, AEMO, ta fitar a Maris na 2017 shi ne wannan: hukumar ba ta san da wannan saiti ba. Ba ya cikin bayanan kwaikwayon injinan da take lissafi da su. Wutar da aka rasa saboda iska ta yi wa injina yawa kaɗan ce ƙwarai, kuma binciken ya nuna da ba don wannan ƙirgen ba, da jihar ta tsira duk da faɗuwar turakun. Bayan nan aka canza saitin. Lamba ce kawai a cikin kwamfuta, wadda da wani ya tambaya tun ranar sa hannu da an gaya masa. Daga baya suka kafa batirin Hornsdale mai megawat 100 a ƙarshen 2017, sannan a 2021 suka ƙara manyan injina huɗu a Davenport da Robertstown, waɗanda ba sa ƙona mai, aikinsu kawai su yi ta juyi suna ba layi nauyi suna riƙe ƙarfin wuta.

Birtaniya ma ta ɗanɗana, ranar Juma'a 9 ga Agusta, 2019. Tsawa ta faɗa kan wani layin kilobolt 400 a arewa da Landan, abin da ke faruwa a kai a kai, na'urar kariya ta yi aikinta daidai. Amma tashar iska ta Hornsea da ke cikin teku ta rikice a kwamfutarta, ta zubar da megawat 737 nan take. Tashar gas ta Little Barford ta bi bayanta, ƙananan tashoshin da ke warwatse su ma suka fita. Wutar ko-ta-kwana da aka tanada megawat 1,000 ce, abin da ya faɗi kuwa ya zarce haka sosai. Bugun wuta ya sauka zuwa 48.8, aka yanke wa masu mita sama da miliyan ɗaya. Wutar ta dawo cikin ƙasa da awa guda, amma wasu jiragen ƙasa sun tsaya cak a kan hanya har sai da aka aika ma'aikaci da kwamfuta ya tashe su ɗaya bayan ɗaya. A wannan karo ma iskar ba ta ɗauke ba, tana nan tana kaɗawa lafiya.

Tsohuwar ƙa'idar da aka koya mana duka ita ce a tanadi wutar ko-ta-kwana da za ta cike gurbin abu ɗaya mafi girma da ka iya faɗuwa, inji ɗaya ko layi ɗaya. Ƙa'ida ce mai kyau, ta riƙe duniya shekaru da yawa. Amma ta ɗauka matsaloli ɗai-ɗai suke zuwa, kuma ba ta tambayar ko yau abin ya fi jiya yiwuwa. Awo ɗaya take yi wa daren Disamba mai tsit da yammacin Yuni mai hadari.

Ku tuna yadda hadarin farkon damina ke zuwa mana. Bayan la'asar gari ya yi tsit, zafi ya toshe numfashi, ko ganye ba ya motsi, kowane fanka da kowace na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Sai gabas ta yi ja. Kafin mata su gama kwashe shanya, bangon ƙura ya iso, rana ta ɓace, kwanon rufi ya fara kaɗawa, leda da kara suna tashi sama, sannan walƙiya ta biyo baya da ruwa. Yanzu ku sa injina 60 a gaban wannan bango. Kafin isowarsa ba sa ba da komai, don injin iska ba ya fara aiki sai iska ta kai wajen mita 3 ko 4 a daƙiƙa. Da isowarsa, cikin 'yan mintuna su haye zuwa cikakken ƙarfinsu, wutar da ba wanda ya shirya karɓa ta kwararo cikin layi. In iskar ta zarce wajen mita 25 a daƙiƙa, sai su juya fuka-fukansu su tsaya don kada su karye, kusan duka tare, tunda a fili ɗaya suke. A wannan sa'ar ce kuma ƙura ke rufe farantan sola na Malbaza, tsawa ke dukan layin kilobolt 132, iska ke jijjiga turaku. Abu huɗu da tsohuwar ƙa'ida ke ƙirgawa daban-daban, hadari ɗaya ne ya kawo su.

Ko a ranar da ba hadari, lissafin iska ba ya tafiya a miƙe. Wutar da inji ke bayarwa ba ta bin saurin iska ɗaya da ɗaya: in iska ta ragu da rabi, wutar ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Saukowa daga mita 10 zuwa mita 8 a daƙiƙa, wanda mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai lura da shi, ya isa ya cinye kusan rabin wutar tashar. Kuskure kaɗan a hasashen iska kuskure ne babba a megawat.

Shi ya sa nake roƙon ku sauya yadda ake auna haɗari tun yanzu. Kowace sa'a, ɗakin sarrafa wuta ya riƙa tambayar abu biyu game da kowace matsala da ka iya aukuwa: yaya yiwuwarta a cikin sa'o'in da ke tafe, kuma in ta auku, megawat nawa za a rasa, su wa za su shiga duhu, na tsawon wane lokaci? A haɗa biyun a sami nauyin haɗarin. A daren hunturu da iska ke tafiya daidai, sama garau, haɗarin ƙarami ne, a bar Tarka ta ba da iyakar ƙarfinta a huta da sayen mai. A yammacin da aka hango hadari, a rage mata wuta tun da sauran lokaci, a tayar da injinan dizal su hau layi suna jira, a rage abin da ake jawowa ta Gazawa don layin ya sami sarari. Za a yi asarar wutar sa'a biyu ko uku. Ku auna ta da asarar tayar da jihohi uku daga duhu a cikin ruwan sama, da dare, ma'aikata suna bin layi da tocila suna neman inda waya ta tsinke.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da hasashen yanayi, kuma a nan Allah ya rufa mana asiri. Cibiyar nazarin yanayi ta nahiyar Afirka, ACMAD, a Yamai take. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma ma a Yamai take tun 1974. Ga hukumar yanayi ta ƙasa, ga ma'aikatan filayen jirgin sama da ke auna iska dare da rana. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, wanda ya wuce Damagaram yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kai ƙasar Adar inda Tawa take, kuma tauraron ɗan adam yana ganinsa. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce, da waya a buɗe tsakanin mai duba yanayi da mai sarrafa wuta, da kuma hasashen da aka yi don tsayin da fuka-fukan ke juyi, mita ɗari ko fiye, domin iskar can sama ba ta tafiya da ta ƙasa. Sau da yawa da dare ƙasa tana tsit alhali sama tana gudu. A sa a cikin kwangila cewa mai tashar zai riƙa aiko da awon iskarsa da hasashensa kai tsaye, kuma a riƙa ajiye tarihin kuskuren hasashen, don da shi ne za a san yawan wutar ko-ta-kwana da ta dace da kowane wata.

Akwai kuma bazara. A Afrilu da Mayu ne muka fi shan wuta, a lokacin ne kuma zafi a Tawa ke haura digiri 40 kusan kullum. Injinan iska da yawa an ƙera su ne su yi aiki har zuwa wajen digiri 40, daga nan su fara rage ƙarfi da kansu ko su tsaya, sai in an sayi samfurin ƙasashen zafi. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, saboda haka ko saurin ɗaya ne wutar ta fi kaɗan. Ƙura tana toshe matatun sanyaya inbata, tana cin bakin fuka-fukai. Kada a ƙirga megawat 250 a cikin abin da zai fitar da mu bazara. A ƙirga abin da awon shekara da shekaru ya nuna tashar za ta iya bayarwa da ƙarfe tara na daren Mayu.

Hanyar da ƙasar Ailan ta bi ta fi kwanta mini. Tsibiri ce, layinta ƙarami, iskarta mai yawa. Kamfanin EirGrid mai sarrafa layinta ya sa iyaka kan kason wutar da za ta fito ta inbata a kowane lokaci. Ya fara da kashi 50 cikin ɗari, yana ƙarawa biyar-biyar, kowane ƙari sai an gwada shi na watanni an ga yadda layi ya ɗauka, har ya kai kashi 75 a 2022. Ya kuma ƙayyade mafi ƙarancin manyan injina masu juyi da dole su kasance a kan layi komai yawan iska. A ɗakin sarrafa wutarsu akwai kwamfutar da kowane 'yan mintuna take ɗaukar hoton halin da layi ke ciki, ta gwada masa faɗuwar wannan da faɗuwar wancan, ta gaya wa ma'aikaci inda zai karye. Mu ma a shigo da Tarka kashi-kashi. A kunna rukunin farko, a ga damina ɗaya da bazara ɗaya a kansa, sannan a ƙara.

Ranku ya daɗe, tun ran gini tun ran zane. Akasarin abin da nake magana a kai a takardar kwangila ake cinsa ko a faɗi. A wajabta wa mai tashar da masana'antar da ta ƙera injinan su miƙa wa NIGELEC cikakken jerin saitin kariya, kowanne da lambarsa, har da waɗanda suke cewa sirrin kamfani ne, tare da bayanan kwaikwayon injin da za a iya gwadawa a kwamfuta a kan layinmu yadda yake da rauninsa. A rubuta sau nawa injin zai jure nutsewar wuta a jere, don a layinmu da damina nutsewa shida cikin minti biyu ba abin mamaki ba ne. A rubuta cewa ba za a canza manhajar injin daga Turai ko Sin ta intanet ba sai da izinin ɗakin sarrafa wuta. A gwada duk wannan a fili kafin a karɓi tashar, injiniyoyinmu suna tsaye.

Sai batun wa zai biya in aka ce tashar ta rage wuta. Kenya ta gama tashar tafkin Turkana mai megawat 310 da injina 365 a 2017, amma layin da zai kwashe wutar, mai tsawon sama da kilomita 400, bai kammala ba sai a 2018, ƙasar ta biya kuɗin wutar da ba ta sha ba. Darasin ya wuce na jinkirin layi. In kwangila ta ce duk megawat ɗin da aka hana tashar bayarwa sai NIGELEC ta biya shi cif, to ranar da ma'aikaci ya hango hadari zai yi ta jinkirin ba da umarni, yana tsoron tambayar da za a yi masa gobe a ofis. A ware adadin sa'o'i a shekara da za a iya rage wutar don tsaron layi ba tare da tara ba, a kuma ba ma'aikacin da ke bakin aiki ikon yanke hukunci a rubuce. Wannan aikin ARSE ne kai tsaye.

Batir ma a sa shi cikin lissafin farko. Senegal ta buɗe tashar Taiba Ndiaye mai megawat 158.7 a 2020, sai a 2023 kamfanin wutar ƙasar, Senelec, ya sa hannu kan ƙara mata batir mai megawat 40. Layin Senegal ya fi namu girma, amma duk da haka sun ga buƙatarsa. Batir yana amsawa cikin ƙasa da daƙiƙa, kafin injin dizal ya ko yi tari, kuma akwai inbata na zamani da ke iya riƙe bugun wuta da kansu in layin waje ya fita. A kuma tattauna da manyan masu shan wuta, irin masana'antar siminti ta Malbaza, a kan yarjejeniyar rage musu wuta na ɗan lokaci a biya su, maimakon a kashe unguwanni. Jerin layukan da na'ura ke yankewa da kanta in bugun wuta ya sauka, shi ma a sake duba shi layi bayan layi, a tabbata ba asibiti ko famfon ruwan gari a sahun farko.

Maƙwabtanmu na Katsina suna da nasu labarin a Lambar Rimi, injina 37 masu ba da megawat 10 a haɗe, aikin da ya ci fiye da shekara goma, har aka sace injiniyan Faransa da ke kansa a Disamban 2012 aiki ya tsaya. Tsaron wurin da tsaron layin da ya fito daga cikinsa suna cikin haɗarin da za a auna, haka ma tsawon lokacin da kayan gyara ke ɗauka kafin su iso ƙasar da ba ta da bakin teku.

Daga ƙarshe duk wannan a hannun mutane zai tsaya. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana kunna dizal yana kashewa ya san aikinsa, amma bai taɓa ganin megawat ɗari sun ɓace cikin minti biyar ba tare da wani inji ya lalace ba. A kai su Dakar da Nairobi su zauna a ɗakunan sarrafa wuta na can. A sayo na'urar atisaye su riƙa gwada daren hadari a kwamfuta. Makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna da matasan da za su iya wannan lissafi in an ba su awon iska da bayanan layi su yi aiki a kai. Kuma duk ranar da wuta ta ɗauke wa jiha guda, a fitar da rahoto a fili, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kamar yadda Ostireliya da Birtaniya suka yi, a karanta taƙaitawarsa a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek. Da ba su wallafa nasu ba, da ni da ke Maraɗi ban san da saitin da ya kashe musu wuta ba.

Ina roƙon ARSE ta sa sharaɗi cewa ba za a amince da kwangilar sayen wutar Tarka, ko ta wata babbar tashar iska, ba sai an kammala binciken yadda layi zai ɗauke ta, wanda ya ƙunshi faɗuwar layin Gazawa a lokacin da tashar ke cike da kuma wucewar hadari a kanta. A wallafa sakamakon, a kira zama a birnin Tawa inda ma'aikatan lantarki da malaman jami'a da masu masana'antu za su yi tambaya a ba su amsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin lantarki daga Maraɗi